Hotuna Bakwai, Rana Guda

Zuwa ga ƙawata kuma 'yar'uwata, Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki a can Malesiya. Mutanen Azare suna gaishe ki. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa a gonakin hanyar Gamawa.

Shekaranjiya kika saka hotona a shafinki, kika rubuta a ƙasa cewa ga ƙawar da ta riƙe miki uwa. Jama'a suka yi ta zuba addu'a. Wata har cewa ta yi irina a wannan zamani sai an tona. Na karanta duka, ɗaya bayan ɗaya, ban iya amsa ko guda ba. Tunda a bainar jama'a kika ɗora mini wannan kaya, a bainar jama'a zan sauke shi, domin ba nawa ba ne.

Hajiya, mahaifiyarki, tana kwance a asibiti. Ranar Alhamis likita zai yanke shawara a kan ƙafarta ta dama. Wannan kin riga kin sani, da safen nan na turo miki. Abin da ban faɗa miki ba shi ne yadda aka yi muka kawo nan.

Ƙyashinki nake yi, Falmata. To, na faɗa. Ba tun jiya ba, ba tun bara ba.

Ki gaya wa mutanen shafinki, a makarantar koyon aikin jinya wace ce gaba tsakaninmu? Ni ce. Ranar farko da aka shiga da mu ɗakin wanke ciwo, aka kwance ƙafar wani dattijo da amalanke ya taka, luu kika yi sai ga ki a ƙasa. Ni na yayyafa miki ruwa. A hannuna kika koyi neman jijiya, kin huda ni ya fi a ƙirga kafin ki iya. Ko tattasai ba kya iya tayawa a kasuwa, da mai kaya ya ɗaga murya sai ki karɓa ki wuce. Ni ce bakinki a ko'ina, kuma ina jin daɗin hakan.

Ni na ga sanarwar tallafin karatun nan. Ni na karɓo mana fom biyu, na cika nawa na taya ki cika naki. Mota ɗaya muka hau zuwa Bauchi ranar ganawa.

Dattawa huɗu ne a bayan tebur. Suka tambaye ni me ya sa nake ganin na fi sauran cancanta. Yo ni da aka rene ni a kan yabon kai jahilci, me zan ce? Na sunkuyar da kai na ce Allah ne mai zaɓa. Suka yi murmushi, suka ce na kyauta, in turo na gaba.

Ke kuwa kin fito kina cewa kin yi shirme. Wai kin manta duk abin da muka haddace, sai kika kama ba su labarin ciwon sugan Hajiya, da yadda aka yanke ƙafar yayarta kina kallo, kika ce musu so kike ki koyo yadda ake ceton ƙafa kafin a kai ga wuƙa. Tun daga Bauchi har Azare ina lallashinki a mota. A raina kuwa cewa nake yi, wayyo Falmata, ta zubar da damarta. Bayan wata biyu sunanki ya fito, nawa bai fito ba.

Na yi guɗa a tsakar gidanku har muryata ta dishe. Ki tambayi matar Yaya Bukar, babban wanku, ita ta ba ni ruwa. Na dawo gida na kasa cin tuwo.

Ranar tafiyarki, a tashar motar Kano, Hajiya ta cika miki jaka da kuka da daddawa da yaji kamar can ba a girki. Direba yana ta danna ham. Kika kama hannunta kika sa a cikin nawa, kika ce ga amana nan, Dije. Na ce ki tafi hankalinki kwance. Da gaske nake a lokacin, wannan kam Allah ne shaida.

Watannin farko kullum kina kira kina kuka. Shinkafa safe, shinkafa rana. Ruwan sama ba ranar hutu. Kin ɓace a tashar jirgin ƙasa kin rasa wanda za ki tambaya. Malamarku ta dawo miki da aikinki jajir da jan biro. Ni kuma ina ba ki haƙuri, ina cewa ki daure. Allah Ya yafe mini, waɗannan su ne watannin da na fi jin daɗin ƙawancenmu.

Sai kukan ya fara ja da baya. Kika fara ba ni labarin 'yan ɗakinku, ɗaya 'yar Indonesiya ɗaya 'yar Yaman, wai har kin koya musu shan miyar kuka. Kika iya hawa jirgin ke kaɗai, har kina nuna wa sababbin zuwa hanya. Wata rana kika ce kin tsaya gaban malamai kin yi bayanin aikinki, wani babba a cikinsu ya jefo miki tambaya, kika dube shi kika ce ba ki sani ba amma za ki bincika. Aka kuma yaba miki! Na ce ikon Allah. Mu nan in nas ta ce ba ta sani ba, majinyaci ɗaukar katinsa zai yi ya wuce kemis. Na yi dariya a waya, na kashe, na zauna ina kallon bango. Falmatar da take ɓuya a bayana a kasuwa ce take kallon idon farfesa.

Da kika zo hutu kika biyo ni wajen aiki. Akwai wata Bafulatana daga wajen garin Yana da na yi sati uku ina wanke mata ciwo a ƙauri. Kika jawo kujera kika zauna daidai da ita, kika gaishe ta da ɗan guntun Fulatancinki, kika nemi izini kafin ki taɓa ta. Sannan kika ciro tef irin na tela daga jaka, kika auna tsawon ciwon da faɗinsa, kika rubuta da kwanan wata. Shugabar sashenmu, wadda na shekara shida a ƙarƙashinta ban taɓa jin ta ce mini sannu da aiki har cikin ranta ba, ta tafa hannu ta ce ku zo ku ga aikin waje.

Aikin waje! Ni da na wanke ciwon nan sati uku, wata rana da safar hannun da na saya da kaina, ina tsaye a gefe riƙe da kwanon auduga.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ba fin mu kika yi ba, kayan aiki kika samu. A ba ni malamai irin naku, a ba ni wutar da ba ta ɗaukewa, a ba ni majinyata biyar a rana maimakon layin da ke kaiwa bakin ƙofa, a ga in ban fi ki ba. Har gobe ina ganin akwai gaskiya a ciki. Sai dai tef ɗin tela ba daga Malesiya ake kawo shi ba, yana nan birjik a kasuwar Azare, ban taɓa tunanin saya ba.

A wannan hutun ne kika kawo wa Hajiya takalmi. Mai laushi, mai faɗin baki, irin na masu ciwon suga. Kika zaunar da mu ni da ita, kika ce ciwon ya kashe mata jin tafin ƙafa, ko ƙusa ta taka ba za ta sani ba, saboda haka ko bayi za ta shiga da shi za ta shiga. Hajiya ta karɓa ta sa miki albarka. Kina hawa jirgi ta mayar da shi cikin kwalinsa, ta ɗora saman sif kusa da kwanukanta na ado. Cewarta, takalmin da ya hau jirgi ba zai taka kashin kaji ba.

Duk baƙuwar da ta zo, daga Misau ne ko daga cikin gari, sai a ce a sauko da takalmin Falmata. A buɗe kwali, a shafa, a ce masha Allah, karatu ya yi rana, a mayar. Ni kuma duk bayan kwana biyu ina gidan ina gwada mata suga, ina kallonta tana yawo ƙafa ba takalmi. Sau ɗaya na yi magana, ita ma da rabin baki. Na sani sarai da na dage za ta saka, Hajiya ba ta musu da ni. Amma dagewa na nufin in maimaita maganarki, in zama 'yar aikenki a gidan da nake shiga tun ina yarinya. Sai na bar kwalin a inda yake.

Ranar sunan ɗiyar Yaya Bukar ana ta girki a tsakar gida, ta taka garwashi. Ba ta ji ba. Sai washegari aka ga danshi a tabarmarta, aka ɗaga ƙafar aka ga wurin ya tashi, a gindin ƙaramin yatsa.

Yaya Bukar ya tara mu ya ce kada wanda ya faɗa miki, kina shirin jarrabawar ƙarshe, kada a ɗaga miki hankali. Kin san halinmu. Wanda yake nesa ba a aika masa labarin ciwo sai an warke ko an binne. Kowa ya ce haka ne. Amma bayan kwana biyu bakin Hajiya ya suɓuce kuna waya.

Kika kira ni. Na zaci kuka zan ji, sai na ji murya a natse. Kika ce duk bayan kwana uku in ɗauki hoton ciwon, in shimfiɗa tef a gefensa, in ajiye 'yar takarda mai kwanan wata. In zagaye iyakar jan da biro don a ga in yana hawa. Kada ta taka ƙafar, kada a jiƙa ta a ruwan zafi da gishiri. Duk abin da kika faɗa daidai ne. Ni kuwa abin da na ji kawai shi ne, ga Falmata tana koya mini wanke ciwo.

Hoto biyu na farko na gaskiya ne. Kowanne kika dawo mini da shi da jan zagaye a jiki, nan ya yi fari, nan ki kula, nan ki rage jiƙa. Kamar yadda malamarku ta yi miki, haka kika yi mini. Ke kin yi kuka kin gyara aikinki. Ni na ajiye wayar na yi tsaki.

Wata Asabar ciwon ya yi kyau, ya yi ja mai tsabta, ba ruwa. Na yanka takarda gida bakwai, na rubuta kwanan wata bakwai, kowanne da tazarar kwana uku. Na ɗauki hoto a kan tabarma. Na canza takarda na ɗauka a kan darduma. Na shimfiɗa atamfa, na shimfiɗa farin zanen gado, na matsar da ita bakin ƙofa inda haske yake, na dawo da ita inuwa. Hajiya tana ta dariya, tana cewa yau ƙafarta ta zama amarya. Hotuna bakwai, duk kafin a kira la'asar.

Su na yi ta turo miki har sati uku.

In zuciyata ta motsa sai in ce ai Yaya Bukar ne ya ce kada a ɗaga miki hankali, ni bin maganar babba nake yi. Ƙarya ne, laɓewa na yi a bayan maganarsa. Abin da nake so shi ne in warkar da ƙafar nan ni kaɗai, yadda na saba, ba tef ba jan biro. Sannan rana ɗaya in turo miki hoton fata ta haɗe sumul, in rubuta a ƙasa, ga aikin gida. Har na shirya yadda zan faɗa wa shugabar sashenmu.

Kin so ki gane. A hoto na biyar kika ce abin ya ba ki mamaki, ciwo bai ragu ba bai ƙaru ba, a kai ta likita ya gani. Na ce za a kai. In kun yi waya ta bidiyo bandeji kawai kike gani, ki tambaye ta jiki ta ce da sauƙi. Yaushe Hajiya ta taɓa cewa ba sauƙi? Kika yarda da ni, don ba ki da dalilin ƙin yarda.

A cikin satuttukan nan ta je ta'aziyya Gamawa, ban hana ba. Wata maƙwabciya ta ce a riƙa gasawa da ruwan ɗumi, na ji labari na kawar da kai. Ina wankewa, ina sa magani, ina naɗewa, ina cewa gobe zai juyo. Na warkar da waɗanda suka fi shi muni, ko ba haka ba? Wari ya fara fitowa, na ce bandejin ne. Jan ya fara hawa, ba zanen biro da zai tona mini asiri, sai na ce idona ne ke yi mini gizo.

Ranar da kika saka hotona a shafinki, wayata tana ta ƙara a aljihu, addu'o'i suna shigowa, ni kuma ina durƙushe ina kwance bandeji. Ƙaramin yatsan ya canza launi. Na san abin da na gani, ba sai an gaya mini ba.

Jiya da safe muka kai ta babban asibiti. Likitan ya duba ƙafar. Sannan ya juyo ya tambaye ni, tunda ni ce mai jinyar, yaya girman ciwon yake sati biyu da suka wuce, kuma yaushe jan ya wuce tsakiyar ƙafa. Ya ce wannan ne zai nuna masa ko abin gudu yake yi ko tafiya. Abin da kika roƙe ni tun farko, shi ɗin dai ya nema. Wayata tana hannuna da hotuna bakwai a ciki, kowanne da tef da kwanan wata, tsaf kamar na makaranta. Na ce masa ban sani ba. Tun da na fara aiki ban taɓa furta wannan kalma gaban likita ba. Ni ba wanda ya yaba mini.

Ya ce yatsan da wuya a cece shi. Ƙafar kuma sai an ga yadda magani zai kama daga nan zuwa Alhamis.

Na faɗa wa Hajiya komai, Yaya Bukar yana tsaye. Ya fara faɗa, ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Na so ta zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Ita kuwa sai ta ce a je gida a sauko mata da takalminta.

Yanzu haka yana ƙafarta ta hagu, a kan gado, inda ba garwashi ba kashin kaji. Nas ta ce ta cire, ta ƙi. Ɗayan yana cikin kwali a ƙarƙashin gado. Ta ce a ajiye mata shi kusa, za ta saka.

Na nemi izininta kafin in yi wannan rubutu. Ta ce in rubuta, amma in gaya miki ki zauna ki ci jarrabawarki, kada ki kuskura ki taho. Yaya Bukar kuwa ko gaisuwata bai amsa ba yau, ban kuma ga laifinsa ba.

Da safen nan na ɗauki hoto na gaskiya na turo miki, na ce sauran bakwai ɗin na rana ɗaya ne. Na ga kin buɗe. Na zauna a bencin baranda ina jiran ashar, ko kuka, ko ki rufe ni gaba ɗaya. Can sai ga amsarki, layi ɗaya tal. Kika ce tef ɗin ya karkace, in gyara in sake ɗauka.

Ba sallama, ba Dije. Tun muna 'yan aji ɗaya ba ki taɓa yi mini magana ba ki kira sunana ba.

Da a watan jiya ne, da wannan layi ya hana ni cin abinci. Yau na koma ciki na durƙusa gaban gadon, na miƙe tef ɗin, na zagaye jan da biro, na rubuta kwanan watan yau, na sake ɗauka. Zan yi haka gobe, zan yi jibi. Ki zana jan biro yadda kike so, zan gyara.

Kada masu karatu su zaci na warke. Ko yanzu da nake rubutun nan ina ƙyashinki. Ina ƙyashin yadda kika iya ture fushinki gefe kika fara da ƙafar uwarki. Da ni ce aka yi wa haka, da sai Azare ta ji kanmu kafin in tuna da tef. Wannan ma a can kika koyo shi, ko dama kina da shi ni ce na tsaya a gabanki ban bari an gani ba? An ce hassada ga mai rabo taki ce. Ke kam kin yi yabanya. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne akwai wanda ake takawa a hanyar kai takin, kuma tsohuwar da na taka ita ce mai ajiye mini ƙanzo tun ina 'yar firamare.

Ba zan ce ki yafe mini yanzu ba. Ban kai ba, kuma ba ki da lokacina. Don ƙafar nan kika tsallaka teku, kika bar mini ita amana, ni kuma na mai da ita fagen gasa da ke. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki daina turo umarni. Ko ba suna, ko ba gaisuwa, ki turo.

Allah Ya tashi kafaɗun Hajiya. Allah Ya sa maganin ya kama kafin Alhamis, Ya nuna mana ranar da za ta ciro ɗaya takalmin daga kwali ta saka, ta taka ƙofar gidanta da ƙafa biyu. Allah Ya ba ki sa'ar jarrabawa, Ya sa wa iliminki albarka, Ya amfanar da mutanenmu da shi. Ni kuma Allah Ya cire mini abin da ke cin zuciyata, in kuwa ba zai fita ba, Ya hana shi sake isa hannuna. Amin.

Wassalam.

Taki, in har yanzu kina so,
Dije
Azare